Wanda ya gudu, da wane suna Bature ke kiransa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, ni ce ke fassara labaran ƙasashen waje daga Turanci zuwa Hausa. Kullum sai na ci karo da “fugitive”, “absconder”, “escapee”, “deserter”, wani lokaci har da “refugee”, ni kuwa duk sai in ce “wanda ya tsere”. Ma'anarsu ɗaya ce? In kuma Turancin zan rubuta, wacce ta dace da mutumin da ya gudu don kada a kama shi ko a hukunta shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika tambaya. Ma'anarsu ba ɗaya ba ce. In gajeriyar amsa kike so, kalmar da ta fi kowacce faɗi, wadda ke ɗaukar duk mutumin da hukuma ke nema shi kuma yana guje mata, ita ce fugitive. Amma ba zan sallame ki da gajeriyar amsa ba, domin na taɓa cutar da wani dattijo da irin wannan gajartawa, har yau kuwa abin bai bar raina ba.

A farkon shekaruna na tafinta a kotu, aka kira wata shari'a, wanda ake tuhuma bai zo ba. Saurayi ne da aka ba da belinsa, mahaifinsa ne ya tsaya masa da takardar gonarsa. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce yaron “failed to appear”, wato bai bayyana ba, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuwa da gaggawar ƙuruciya na juya wajen jama'a na ce, “Wanda ake tuhuma ya gudu.” Tsohon yana zaune a benci na biyu da carbi a hannu. Ina kallo carbin ya zame ya faɗi ƙasa. Ya miƙe jikinsa na rawa ya ce, “Ranka ya daɗe, wallahi bai gudu ba. Babur ne ya kaɗe shi shekaranjiya, yana asibiti an ɗaure masa ƙafa.” Alƙali ya tambaye ni abin da na faɗa wa mutane, na maimaita masa, ya ce in gyara a gaban kowa. Na gyara. Amma a cikin wannan ɗan lokaci tsohon ya riga ya ga gonarsa ta salwanta, ya ga ɗansa ya zama abin farauta, kuma bakina ne ya jawo masa, ba bakin mai gabatar da ƙara ba.

Tun daga ranar, in na ga ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi sai na tambayi kaina: daga me mutumin ya gudu, a wane mataki shari'arsa take lokacin da ya gudu, kuma daga bakin wa kalmar ta fito. Mu a Hausa arzikinmu yana wajen yadda aka yi gudun. Ya arce, ya sulale, ya cika wandonsa da iska, ya ranta a na kare, ya yi layar zana, ya yi ɓatan dabo, kowanne da hoton da yake kawo miki a ido. Turancin kotu da na jarida kuwa arzikinsa yana wajen matsayin mai gudun a gaban doka. Shi ya sa fassarar kalma da kalma ba ta yiwuwa a nan, sai dai ki ɗan buɗe jimlar.

Fugitive daga Latin ta samo asali, daga fugere, wato gudu, ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci tun ƙarni na 14. Babu ruwanta da ko an taɓa kama mutum ko ba a taɓa ba, ko an yanke masa hukunci ko ba a kai nan ba. Sharaɗinta biyu ne: doka na nemansa, shi kuma da saninsa yake kauce mata. A takardun kotu za ki gan ta a cike, “fugitive from justice”. Tsarin mulkin Amurka ma ya yi tanadi a sashe na 4 cewa wanda aka tuhuma da laifi a wata jiha ya gudu zuwa wata, dole a mayar da shi in jihar farko ta nema. Hukumar FBI kuma tun watan Maris na 1950 take fitar da jerin mutum 10 da ta fi nema, da wannan kalma take kiransu. A Hausa ki ce “wanda hukuma ke nema ruwa a jallo” ko “wanda ya tsere wa shari'a”. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne, fugitive ba ta nufin an tabbatar da laifi. Kada ki ce “mai laifin da ya tsere” sai in labarin ya nuna kotu ta riga ta same shi da laifin. In ba haka ba, “wanda ake zargi” ne har yanzu, ko da shekara 20 ya yi yana ɓuya.

Kalmar tana ɗauke da wani tabo da ya kamata ki sani. A wajen Rumawa ma, fugitivus sau da yawa bawan da ya gudu daga ubangidansa ake nufi, kamar yadda waɗanda suka yi karatun zaure suka san “abiƙ” a littattafan fiƙihu. Amurka ta yi dokoki biyu na kamo bayi masu gudu, a 1793 da 1850, dukkansu da wannan kalma a sunansu. Ta 1850 ta fi muni. Wanda aka kama ba shi da damar ba da shaida don kare kansa. Jami'in da ke sauraron maganar dala 10 ake biyansa in ya ce a mayar da mutum bauta, dala 5 in ya sake shi. Wanda kuma ya ɓoye mai gudu ko ya taimaka masa, tarar da ta kai dala 1,000 da ɗaurin wata 6 na jiransa. A ƙarƙashin irin waɗannan dokoki, Frederick Douglass da ya tsere daga Maryland a 1838, da Harriet Tubman da ta tsere daga jihar a 1849 ta riƙa komawa tana fito da wasu, duk fugitive ne. Yau masana tarihi da yawa a can sun gwammace su ce “freedom seekers”, masu neman 'yanci, domin sun lura cewa kalmar farko da idon mai bawa take kallon mutum. Ina ganin sun yi daidai. Kalmar tana gaya miki cewa doka na bin mutum, ba ta gaya miki ko dokar ta adalci ce.

Sai abscond, wadda ita ce na ɗora wa yaron nan ba tare da an faɗe ta ba. Asalinta abscondere ne a Latin, ɓoyewa. Saboda haka nauyinta ba a saurin ƙafa yake ba, a sulalewa yake. Mutum ne da aka amince wa, ko aka ɗora wa sharaɗi, ya faki ido ya ɓace. An ba da belinsa ya ƙi dawowa kotu, ko an damƙa masa kuɗin ƙungiya ya yi gaba da su, shi ne za ki ji an ce “he absconded with the funds”. A Ingila dokar beli ta 1976 ta mayar da ƙin miƙa kai bayan beli laifi mai zaman kansa, in babu uzuri karɓaɓɓe. Hukumar gidajen yarinsu ma tana bambanta abscond da escape a lissafinta: fursunan da ke buɗaɗɗen gidan yari, inda babu katanga ko makullin da zai hana shi, in ya sa kai ya fice, abscond ya yi. Wanda ya haura katanga ko ya ɓalle ankwa, escape ya yi. Ke nan abscond akwai ƙamshin cin amana a cikinta. “Ya sulale”, “ya saɓa sharaɗin beli ya ɓace”, “ya yi awon gaba da kuɗin”, su ne suka fi kusa da ita. A Turancin baka ana cewa “jump bail” ko “skip bail”, daga nan ne 'yan jaridarmu suka samo “tsallake beli”. Sunan mai aikatawa, absconder, ba kasafai ake jinsa a hira ba, na takardun hukuma ne.

Misali biyu za su zaunar miki da ita. Carlos Ghosn, tsohon shugaban kamfanin Nissan, an kama shi a Japan a Nuwamban 2018 bisa zargin almundahana, daga baya aka ba da belinsa. A ƙarshen Disamban 2019 aka sa shi cikin babban akwatin kayan sauti, aka ɗora a ƙaramin jirgi daga Osaka, ya bi ta Istanbul ya sauka Bairut, domin Labanon ba ta da yarjejeniyar miƙa waɗanda ake zargi da Japan. Kuɗin belinsa, yen biliyan 1.5, ya bar wa kotu. A idon Japan ya yi abscond, ya zama fugitive. Shi kuwa a sanarwarsa ta farko cewa ya yi, “I have not fled justice, I have escaped injustice.” Ki dubi yadda ya ture fled ya ɗauko escaped. Ya san flee justice maganar mai laifi ce, escape kuwa wanda aka zalunta ma yana yi. In za ki fassara, sai ki ce “ban guje wa shari'a ba, kuɓuta na yi daga zalunci”. In kika sa “tsere” a gurbi biyun, kin kashe duk abin da mutumin yake ƙoƙarin faɗa.

Na biyu Julian Assange, wanda ya kafa shafin fallasa bayanan sirri na WikiLeaks. Yana kan beli a Ingila, ana batun miƙa shi ga Suwidin, sai ya shige ofishin jakadancin Ekwado a Landan a watan Yunin 2012, ya zauna ciki har Afrilun 2019. Kowa ya san ɗakin da yake, 'yan sanda na tsaye a ƙofa, bai yi gudu ko na taku ɗari ba. Duk da haka da ya fito kotu ta ɗaure shi mako 50 saboda saɓa beli. Ekwado kuma a waɗannan shekaru mai mafakar siyasa take kiransa. Mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, suna biyu.

Akwai inda wannan kalma ta shafe mu kai tsaye. 'Yan uwanmu da ke zuwa aikatau Saudiyya da sauran ƙasashen yankin sun san “hurub”, rahoton da kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin ma'aikaci, ke kaiwa cewa ma'aikacinsa ya bar aiki ya ɓace. Jaridun Turanci na can absconding suke fassara shi. In kin ga “absconding workers” a irin wannan labari, kada ki ce “masu laifin da suka tsere”. Sau da yawa mace ce da aka hana albashi ko aka ci zarafinta ta bar gidan. Ki ce “ma'aikatan da iyayen gidansu suka kai rahoton sun gudu”, sai ki bar mai sauraro ya ji sauran labarin.

Escapee ta fi sauƙi: sai an riga an tsare mutum kafin ya zama escapee. Wanda bai taɓa shiga hannu ba, ba a kiransa haka. Asalin escape yana burge ni, daga kalmomin Latin biyu ne masu nufin fita daga alkyabba, kamar dai a cafki mutum ya zame ya bar wa mai kamun riga a hannu. Fursunoni ɗaruruwa da suka fice lokacin da aka fasa gidan yarin Kuje a watan Yulin 2022, escapees ne. Haka Frank Morris da 'yan uwan nan biyu, John da Clarence Anglin, da suka fita daga kurkukun tsibirin Alcatraz a Yunin 1962 ba a sake ganinsu ba. Kada ƙarshen kalmar ya ruɗe ki. A employee da detainee, wanda aka yi wa abu ake nufi, wanda aka ɗauka aiki da wanda aka tsare, amma a escapee shi ne ya yi da kansa. Wani abin da zai ba ki mamaki, a Jamus gudu daga kurkuku shi kaɗai ba laifi ba ne a dokarsu, sai in mutum ya fasa abu ko ya ji wa gandiroba rauni a hanyar fita. In an kamo shi, sauran wa'adinsa zai ƙarasa.

Mutum ɗaya yana iya bi ta sunayen nan bi da bi. Ronnie Biggs na cikin waɗanda suka yi fashin jirgin ƙasa a Ingila a 1963, inda aka kwashe fam miliyan 2.6. Aka yanke masa shekara 30, ya zama convict. A Yulin 1965 ya haura katangar gidan yarin Wandsworth da tsanin igiya, ya zama escapee. Daga nan ya bi ta Faransa da Ostareliya ya ƙare a Brazil, inda haihuwar ɗa da wata 'yar ƙasar ta hana a miƙa shi, ya yi shekara 36 yana fugitive, har ya dawo da ƙafarsa a 2001 yana tsoho marar lafiya. Ke nan escapee na ranar fita ne da kwanakin da ke biye, in gudun ya yi tsawo jarida sai ta koma fugitive.

A kusa da waɗannan akwai 'yan jimloli da za ki riƙa gani kullum. “On the run” yana cikin gudu, yana ɓuya. “At large” har yanzu bai shiga hannu ba, kuma a nan large ba girma take nufi ba, sakewa take nufi. Na taɓa jin an fassara “three suspects are still at large” da cewa manyan waɗanda ake zargi su uku ne, alhali cewa aka yi ba a kama ukun ba tukuna. “Wanted” ana nemansa, amma ba lallai ya san ana nemansa ba, balle a ce gudu yake. “On the lam” Turancin titi ne na Amurka, “do a runner” na Ingila, ki gane su in kin gani amma kada ki sa su a labari. Runaway kuwa yau yawanci yaro ko yarinyar da ta gudu daga gida ake nufi, ba maganar kotu ba ce.

Soja da nasa kalmomin. Deserter shi ne sojan da ya watsar da aikinsa da niyyar ba zai dawo ba, ko ya gudu don kauce wa fagen daga. Wanda ya yi fashi ba izini amma da niyyar dawowa, AWOL ake ce masa, gajartawar “absent without leave”. Niyya ce ta raba su, kuma a lokacin yaƙi wannan niyya ita ce tsakanin ɗauri da harbi. A dokar sojan Amurka sashe daban-daban ne, na 85 da na 86. Eddie Slovik, wanda aka harbe a Faransa ranar 31 ga Janairun 1945, shi kaɗai ne sojan Amurka da aka kashe kan wannan laifi tun bayan yaƙin basasarsu. Birtaniya kuwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 kan gudu da tsoro da makamantansu, da yawansu samari ne da rugugin igwa ya taɓa wa hankali, sai a 2006 aka yi musu afuwa bayan babu ko ɗayansu a duniya.

Kada ki haɗa deserter da draft dodger. Shi wannan bai shiga soja ba tukuna, kiran dole aka yi masa ya kauce, kamar samarin Amurka da suka tsallaka Kanada lokacin yaƙin Biyetnam. Shugaba Jimmy Carter ya yafe wa irin waɗannan a Janairun 1977, amma afuwar ba ta haɗa da waɗanda suka gudu bayan sun sa kaki ba. Muhammad Ali kuwa ba ya cikin ko ɗaya. A 1967 ya je wurin da aka kira shi, ya tsaya, ya ƙi. Aka same shi da laifi, aka ƙwace kambunsa, bai bar ƙasar ba har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971. Wanda ya ƙi yaƙi don addininsa ko imaninsa, conscientious objector ake kiransa, kuma zalunci ne a fassara shi da mai gudu.

Defector kin riga kin san ta ta wata fuska, don ita ce 'yan siyasarmu ke yi in sun sauya sheƙa. A labaran duniya, mutum ne da ya bar ƙasarsa ya koma wajen abokiyar gabarta, kamar matuƙin jirgin yaƙin Tarayyar Sobiyet, Viktor Belenko, da ya sauka da jirginsa a Japan a 1976, ko Kim Philby, jami'in leƙen asirin Birtaniya da ya sulale daga Bairut zuwa Mosko a 1963 da ya ga asirinsa ya tonu. Abin da ke gaba a wannan kalma shi ne inda mutum ya nufa, ba abin da ya baro ba.

Yanzu ga wadda ta fi damuna a cikin jerin da kika kawo. Refugee da fugitive uwa ɗaya ta haife su, fugere ɗin nan dai, amma a doka bayansu suke ba juna. Refugee ta shigo Turanci ne da Furotestan na Faransa da suka tsallaka Ingila bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ke kare addininsu a 1685. Ma'anarta ta yau tana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951: mutum ne da ke wajen ƙasarsa, yana da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron za a tsananta masa saboda launin fatarsa ko ƙabilarsa, addininsa, ƙasar asalinsa, wani rukunin jama'a da yake ciki, ko ra'ayinsa na siyasa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ta, ta shigo da waɗanda mamaya ko rikicin da ya birkita ƙasa ya kora. Ita yarjejeniyar 1951 da kanta ta cire wanda ya aikata laifin yaƙi, ko babban laifin da ba na siyasa ba kafin ya shigo ƙasar da yake neman mafaka. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar ma ta faɗa a jagoran aikinta cewa refugee wanda aka zalunta ne ko ake shirin zalunta, ba mai guje wa shari'a ba.

Duk rigimar tana rataye a kan kalmomi biyu masu kama da juna a ido da kunne: prosecution da persecution. Ta farko gurfanarwa ce a gaban kotu, ta biyu tsanantawa ce da gallazawa. Mai gudun ta farko fugitive, mai gudun ta biyu refugee. Ki riƙa karanta su a hankali, musamman in labari ya zo a ƙurarren lokaci, don harafi biyu kacal ne suka raba su. Wanda ya nemi mafaka ba a yanke hukunci a kan buƙatarsa ba tukuna, asylum seeker ne, mai neman mafaka. Sannan mu a Hausa “'yan gudun hijira” muke ce wa kowa, amma Turanci na rabawa: mutanen Borno da ke sansanin Minawao a Kamaru ko yankin Diffa a Nijar refugees ne don sun tsallake iyaka, waɗanda suka zauna a sansanonin Maiduguri kuwa internally displaced persons ne, 'yan gudun hijira na cikin gida. Waɗannan bayin Allah babu wanda ke nemansu da laifi. Ko da wasa kada “tsere wa hukuma” ta kusanci labarinsu.

Inda abin ke cakuɗewa shi ne in gwamnati ta ce laifi take bi, mutumin kuma ya ce siyasa ce. Mu ma mun ga irinsa. Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shehu Shagari, ya fice zuwa Landan bayan juyin mulkin 31 ga Disamban 1983. Gwamnatin soja na zarginsa da almundahana, a wajenta fugitive ne. Shi kuwa ya musanta, yana ɗaukar kansa exile, wanda siyasa ta raba da ƙasarsa. A Yulin 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa, jami'an kwastan suka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted, kotun Ingila ta ɗaure mutum 4 kan lamarin. Jaridun lokacin, wadda ta ce fugitive da wadda ta ce exile, kowacce ta riga ta nuna inda ta karkata tun kafin ki karanta jimla ta biyu. Haka ake yi da Edward Snowden, wanda ya fallasa sirrin hukumar leƙen asirin Amurka, tun 2013: Amurka na tuhumarsa, Rasha ta ba shi mafaka, daga baya ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022. A irin wannan hali aikinki shi ne ki jingina kowace kalma ga mai ita: “wanda gwamnati ta ce ya tsere wa shari'a”, “wanda ya ce gudun hijirar siyasa yake”.

Tunda mun zo nan, ki raba extradition da deportation. Ta farko miƙa mutum ne ga ƙasar da ke nemansa don shari'a, bisa buƙatarta, kuma yawanci sai kotu ta duba. Ta biyu korar baƙo ce daga ƙasa, ko da babu mai nemansa a gida. “Tasa ƙeya” na shiga duka biyun a bakinmu, don haka ki ƙara bayani. Jar sanarwar hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ma ba sammacin kamu na duniya ba ce kamar yadda ake yawan faɗa, roƙo ne ga 'yan sandan ƙasashe su nemo mutum su tsare shi na ɗan lokaci, kowace ƙasa kuma da dokarta take aiki.

Outlaw ba za ki cika buƙatarta ba. A Ingila ta dā, wanda ya ƙi amsa kiran kotu akan ayyana shi a wajen kariyar doka, dukiyarsa ta tafi, a farkon zamanin ma duk wanda ya kashe shi ba a tambayarsa. An soke wannan tsari, kalmar ta rage a tarihi da tatsuniyoyin 'yan fashin daji. In kin ga an ce gwamnati ta “outlawed” wata ƙungiya, haramta ta aka yi.

In ke ce za ki rubuta Turancin, ga yadda nake yi. Hukuma na nemansa yana ɓuya, fugitive, ko ki ce “he is on the run”. Yana kan beli ya ɓace, “he absconded” ko “he jumped bail”. Ya fita daga inda aka tsare shi, escapee ko “escaped prisoner”. In kuwa abin da kika sani bai wuce cewa mutum bai zo ba, ko an je gidansa ba a same shi ba, to akwai “failed to appear” da “his whereabouts are unknown”. A Hausa “bai bayyana a kotu ba”, “ba a san inda yake ba”. Ki tsaya a nan har sai 'yan sanda ko kotu sun faɗi abin da ya fi haka, sa'annan ki faɗa da sunansu.